Yadda zaka gane gidan gahawa na kirki a unguwannin Alƙahira

Duk shekara idan sabbin ɗalibai suka sauka, da an gama rigimar iƙama da masauki tambayar da take biyo baya ita ce wai ina ake zama da daddare a garin nan, tunda babu dakalin ƙofar gida kuma babu teburin mai shayi irin namu na bakin titi. Toh akwai, sunansa ahwa, kuma kusan babu layin da zaka shiga a Alƙahira baka samu ɗaya ko biyu ba, kujerun katako ko na roba an jere su a bakin hanya da ƙananan tebura na ƙarfe. Matsalar dai ba kowanne bane ya cancanci ka zauna, nima sai da na sha ruwan zafi mai launi da sunan gahawa a wurare da dama kafin na gane yadda ake tantancewa. Shine nace bari na rubuta abinda na koya ko wani zai huta.

Fara da sunan tukuna. A littafi ƙahwa ka karanta, amma mutumin Alƙahira baya furta ƙaf, hamza yake mayar da ita, shi yasa zakaji ahwa, kuma kalmar ɗaya ce da abin shan da wurin shan. Haka jim ɗinsu g ce, citta ganzabil suke cewa. Idan ka shiga ka zuba musu fusha, wato Larabcin littafi irin na aji, wallahi zasu kawo maka abinda kake so amma sai sun ɗan dara, kada abin ya dameka, kowa da haka ya fara. Abin sha'awa ma masu tarihi sun ce gahawa ta shigo garin ne ta hannun Sufaye 'yan Yaman da suke zaune a Azhar a farkon shekarun 1500, suna sha don su samu raya dare da zikiri, har an taɓa hana shanta a Makka a 1511 kafin daga baya a ƙyale. Kenan ɗalibin Azhar da yake shan gahawa don ya kwana a kan littafi gado yake ci.

Abu na farko da nake yi kafin na zauna ko'ina shine na wuce ta gaban wurin ba tare da na tsaya ba, sau biyu in da hali, ɗaya da hantsi ɗaya bayan isha'i. Ba kwalliyar wurin nake kallo ba, mutanen nake kallo. Idan kaga dattawa da safe kowa da jaridarsa ko suna buga domina, mai kawo shayin yana ajiye musu kofi ba tare da sun yi magana ba, toh wannan wurin 'yan unguwa ne suke riƙe dashi, kuma mai wurin bai isa ya basu abin banza ba don gobe ma su zai gani. Idan kuwa kaga kujeru fayau amma akwai wani a tsaye a bakin hanya yana ɗaga maka hannu yana tafaddal tafaddal kamar ɗan kamasho a tasha, ka amsa da shukran kayi gaba. Wurin da yake da mutanensa baya farautar kwastoma.

Sai ka leƙa ciki ka duba nasba, wato kantar da ake haɗa komai, nan ne kicin ɗin wurin gaba ɗaya. Ka kula da ruwan da ake wanke kofuna dashi, famfo ne yake zuba ko bokiti ɗaya ne tun safe ake tsoma kofi ana fitarwa. Ka kula da tsumman da yake hannun mai haɗawa. A wasu tsofaffin wuraren zakaga wani faffaɗan faranti cike da rairayi mai zafi ana tura 'yar tukunyar gahawar a ciki, ramla suke ce masa, wannan alama ce mai kyau sosai saboda gahawar tana dahuwa ne a hankali zafi yana ratsa ta ta kowanne ɓangare. Rashin rairayin ba laifi bane, da yawa gas suke amfani dashi, amma ka duba wutar, idan a buɗe take tana ci bal bal toh gaggawa akeyi kuma zaka ji a bakinka.

Yanzu ka zauna. Kada ka tafa hannu ko kayi tsaki irin na kiran yaro, ka ɗaga hannu kace law samaht, ko ya rayyis, shi kuma mai wurin da yake zaune kusa da akwatin kuɗi ya mu'allim ake ce masa. Ranar farko gahawa zalla zaka nema, don da ita ake auna wuri, kada ka fara da lemo ko wani abu mai madara. Gahawar irin ta Turkawa ce, garin a niƙe yake luƙwi kamar hoda, ana dafa shi tare da ruwa da sukari a cikin kanaka, wata 'yar tukunyar ƙarfe mai dogon mariƙi, kuma ba'a tacewa. Tunda tare ake dafawa dole ka faɗi yawan sukarinka tun farko. Sada babu sukari ko kaɗan, ita ce ake rabawa a zaman makoki. Arriha ɗan ƙamshin sukari ne kawai. Mazbut daidai wa daida, ziyada kuma zaƙi zau. Ni shawarata ka nemi mazbut ko arriha, saboda ziyada tana rufe duk wani aibu, ko garin wake aka soya aka dafa maka da sukari mai yawa zaka sha ka lashe baki. Sannan zai iya tambayarka muhawwag kake so ko a'a, muhawwag shine wanda aka haɗa da kayan ƙamshi musamman habbahan, wato hel ɗin nan da alhazai suka sani a gahawar Saudiyya. Yana da daɗi, amma ranar gwaji ka nemi wanda babu haɗi.

Nan ne inda nake so ka nutsu. Idan gahawar ta zo, a wurin da suka san aikinsu kanakar ce zata zo a kan tire da ɗan kofi da kofin ruwan sanyi, a gabanka zai zuba, a hankali, yana ɗan karkata hannu. Abinda kake nema shine wish, ma'anarsa fuska, wato wannan kumfar mai kauri mai ruwan ƙasa da take rufe saman kofin gaba ɗaya. Misirawa basa wasa da wish, mutum zai iya mayar da kofi saboda babu ita kuma babu wanda zaiga laifinsa. Dalilin kuwa, kumfar tana haɗuwa ne idan an fara da ruwa mara zafi, aka juya sau ɗaya, aka barshi a ƙaramar wuta, aka sauke daidai lokacin da ya fara tasowa kafin ya tafasa. Da ya tafasa fuskar ta watse kuma ɗaci ya shiga. Saboda haka kofin da ya zo maka baƙi wuluk babu kumfa, ko kumfar 'yar siririya ce a gefe gefe da manyan ƙwayoyi kamar ta omo, ya gaya maka cewa ko dai an ɗebo tafasasshen ruwa daga tukunyar shayi aka kwaɓa, ko an manta dashi a wuta. Akwai kuma lokacin da take ɗauka, gahawar da ta iso kafin ka gama gyara zama akwai magana, ta kirki tana ɗaukar 'yan mintuna.

Kurɓi ruwan sanyin tukuna don ka wanke baki, ka bar kofin ya ɗan huta garin ya kwanta, kada ka juya da cokali. Kurɓar farko ka riƙe ta a baki kaɗan. Ɗaci dole ne, amma akwai ɗacin gahawa akwai ɗacin ƙonewa, na biyun yana kama maƙoshi ne kamar ƙanzon tuwo da ya ƙone kuma yana daɗewa bai tafi ba. Idan kaji babu ƙamshi kwata kwata, kamar ka jiƙa kwali, garin ya daɗe a buɗe. Idan kaji wani ɗanɗano kamar soyayyar gyaɗa ko wake, toh ka sa alamar tambaya, don su kansu Misirawa suna ƙorafin ana cakuɗa garin da soyayyen hummus, wani irin wake nasu, ko ƙwallon dabino, musamman tunda kaya suka yi tsada, kasan ƙasar shigo da gahawa take daga waje kuma kuɗinsu ya faɗi sosai a watan Maris na 2024. Kada ka shanye har ƙasa, wancan kaurin da ya kwanta kamar laka ba'a sha, na taɓa ganin wani sabon zuwa ya ɗaga kofin ya juye duka a baki saboda kada yayi asarar kuɗinsa, har yau idan muka haɗu sai mun tuna masa.

Idan kai ba ma'abocin gahawa bane, shayi ma yana nuna halin wuri. Kushari shine a zuba ganyen a kofin gilashi a kwarara tafasasshen ruwa a kai, sunan ɗaya da abincin nan nasu na shinkafa da taliya amma babu haɗi. Sa'idi shine wanda aka tafasa ya yi baƙi ƙirin irin na mutanen kudancin ƙasar, fatla kuma shine na jaka mai zare. Kalmar da zata ceceka ita ce sukkar barra, wato a kawo sukarin daban ka zuba da kanka, in ba haka ba zasu zuba maka son ransu. Ka nemi na'a-na'a ka gani ɗanye zasu kawo kore shar ko wanda ya yi yaushi ya fara baƙi. Sauran abubuwan duk ka sansu daga gida suna ne kawai ya canza, karkade zoɓo ne, hilba hulba ce, tamar hindi tsamiya, dom kuma goruba, eh goruba dai tamu suke jiƙawa su sha da sanyi. Lokacin hunturu ka gwada sahlab, fari ne mai kauri da madara ana barbaɗa masa gyaɗa da kwakwa, yafi kama da kunu.

Maganar kuɗi. A ahwar unguwa sai zaka tashi ake biya, kace el hisab kam, kuma yawanci babu takardar farashi, shi yasa ranar farko yana da kyau ka kasa kunne kaji nawa na kusa dakai ya bayar ko ka tambaya kafin a kawo, babu kunya a ciki. Wurin da ya cajeka daidai da ɗan unguwa alhali yaga baƙo ne kai, wannan ka riƙe shi. Ka bar wa mai kawowa ɗan wani abu, ba sai da yawa ba, shine zai tuna da fuskarka. Sannan idan ka miƙa kuɗi yace khalli, wai ka barshi, dan Allah kada ka mayar da kuɗin aljihu kace na gode, kara ce kawai irin ta bakinsu, kamar yadda muke yi wa mai wucewa bismillah muna cin abinci, ka sake miƙawa zai karɓa.

Su wuraren da suka yi suna daban ne. Fishawi da yake cikin kasuwar Khan Khalili kusa da masallacin Husaini ya haura shekara 200, manyan madubai ne a bango da ƙwaryar fitilu, kuma marubucin nan Najib Mahfuz da ya ci kyautar Nobel a 1988 ya sha zama a wurin. Haka Café Riche na titin Tala'at Harb da aka buɗe tun 1908. Kaje sau ɗaya ka gani ka ɗauki hoto ka tura gida, ya cancanta. Amma wuraren 'yan yawon buɗe ido ne, ba nan zaka mayar majalisa ba da kuɗin ɗalibi, kuma ba dasu ake auna na unguwa ba.

Akwai kuma kafe na zamani irin na unguwannin Zamalek da Ma'adi da wasu sassan Madinat Nasr, masu AC da injin espreso. Su ga yadda nake yi dasu a taƙaice. Kafin na zauna nake tambaya ko akwai minimum, wato wani adadin kuɗi da dole ka kashe ko ruwa kawai ka sha, sannan na duba ƙasan takardar farashi saboda da yawa suna ƙara kashi 12 na hidima da kashi 14 na haraji a kan abinda ka gani. Ina duba ko a lokacin suke niƙa ƙwayar, ina tambayar yaushe aka soya ta, mai haɗawar da ya san aikinsa zai amsa da murna har ya gaya maka ta Habasha ce ko ta Brazil, wanda yayi maka kallon me ya shafeka kuma ka gane. Amfaninsu dai soket da intanet da shiru lokacin jarrabawa. Kuma 'yan uwa mata nan yafi muku sauƙi, don ahwar unguwa gaskiya har yanzu majalisar maza ce, in banda wasu na tsakiyar gari da zakaga mata suna zama babu mai kallonsu.

Wanda ni yafi kwanta min a rai yanzu shine na 'yan Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu a Afrilun 2023 suka ƙaru sosai, musamman wajen unguwar Faisal a Giza, kuma sun buɗe wuraren shan jabana da yawa. Ita jabana da citta ake dafa ta, tana zuwa a 'yar buta mai dogon wuya da ƙananan kofuna da sukari a gefe, sau da yawa harda kaskon turaren wuta a kan tiren. A nan ba kumfa ake dubawa ba, ana tace ta, abinda zaka duba shine cittar tana taimakon gahawar ne ko ta danne ta har baka jin komai sai yaji. Kuma kada kayi mamaki idan kana waya da Hausa wani daga teburin gefe ya juyo ya amsa maka, Hausawan Sudan suna da yawa.

Toh duk wannan na kofi ne, saura na mutane, kuma ni a wurina shi yafi nauyi. Baƙar fata a Alƙahira yana jin kalmomi a titi, ya samara, wato kai baƙi, da makamantansu, wani da wasa yake faɗa wani da raini, zaka koyi bambancewa. Abinda nake dubawa a ahwa shine idan wani matashi ya fara irin wannan, me mu'allim yake yi. Akwai inda na taɓa zama yara suka dinga kwaikwayon maganarmu mai wurin yana ji yana kallon talabijin abinsa, gahawarsu ba laifi amma ban sake komawa ba. Akwai kuma inda na kalli wasan Najeriya da Masar na kofin Afirka a Janairun 2022, wanda aka buga a Garwa, Iheanacho ya zura ƙwallo ɗaya tilo muka ci, mu uku ne kacal 'yan Najeriya a cikin taron kuma ɗayanmu ya kasa riƙe kansa ya miƙe da ihu, wurin yayi tsit, ni har na fara duba hanyar fita, sai wani dattijo ya kwashe da dariya yace mabruk ya Nijeriya ya sa aka kawo mana shayi a kuɗinsa. Har yau can nake zama. Af, tunda maganar ƙwallo ta zo, ranar da Ahli ko Zamalek suke wasa wasu wuraren suna ƙara kuɗin kujera ko su ce sai ka sayi abin sha kowanne zagaye, ka tambaya kafin ka zauna, kuma kada ka bayyana ƙungiyar da kake goyon baya sai ka gane ta 'yan wurin.

Hayaƙin shisha ma abin lura ne, kusan ko'ina akwai shi, idan baka so ka zaɓi kujerar waje ta ɓangaren da iska take fitowa, wurin da yake a rufe ruf babu taga kuwa kayanka zasu kwana suna wari. Ka duba ko akwai masallaci ko zawiya kusa, ka duba ko idan ka buɗe littafi awa biyu a kan kofi ɗaya za'a fara zuwa ana goge maka tebur ana ɗauke kofin, ko kuwa ƙyaleka za'ayi. Adalci dai idan zaka daɗe ka ƙara sayen wani abu, shima haya yake biya. Da azumi kuma kada ka yanke wa wuri hukunci, da rana a rufe suke, bayan tarawihi kuma cunkoso ne har sahur kowa a gigice yake aiki.

Ni ƙa'idata sau uku nake zuwa wuri kafin nace yayi ko bai yi ba, a lokuta daban daban, saboda mai haɗawar safe ba shine na dare ba kuma hannu ya bambanta, wani wurin gahawarsa ta safe zam zam ce ta dare kuma sai a hankali. Kuma kowanne zuwa abu ɗaya nake nema ban canzawa, mazbut babu haɗi. Idan a zuwa na uku na zauna mai kawowa ya hangoni daga nesa ya juya wajen nasba ya ƙwala wahid mazbut tun ban buɗe baki ba, kuma ta zo da fuskarta, toh sai na turawa abokai sunan layin a WhatsApp nace su sameni can bayan isha'i.